Katin ƙungiya ko a kama gaba: jayayyar tilasta wa ma'aikaci shiga ƙungiyar ƙwadago

A watan Fabrairun 2024 wata doka ta fara aiki a jihar Michigan ta Amurka, wadda ta maido wa ƙungiyoyin ƙwadago ikon da aka karɓe musu shekaru goma sha ɗaya kafin nan. Daga lokacin, ƙungiya da kamfani za su iya ƙulla yarjejeniyar da ta ce duk mai aiki a wurin sai ya biya kuɗin ƙungiya, yana so ko ba ya so, in ya ƙi kuma a sallame shi. Michigan ba ƙaramar jiha ba ce a harkar ƙwadago. Nan birnin Detroit yake, nan ne gidan Ford da General Motors. Rabon da wata jiha ta janye irin wannan haramci tun 1965, lokacin da Indiana ta yi. Duk da haka, a jihohi 26 cikin 50 na Amurka har yanzu doka ta hana a tilasta wa ma'aikaci biyan ko sisi ga ƙungiya.

Mai karatu a Yamai ko Garwa ko Kumasi zai iya cewa wannan rigimar masu ƙoshi ce. Amma tambayar da ke ciki ta shafi duk wanda ya taɓa ganin an zare wani abu daga albashinsa da sunan ƙungiya, wadda a ƙasashen renon Faransa aka fi sani da sandika, ko aka hana shi lodi a tasha don ba shi da kati. Shin ƙungiyar da aka kafa don kare ma'aikaci tana da hurumin tilasta masa ya shige ta? In ba ta da shi, wa zai ɗauki nauyin gwagwarmayar da kowa ke cin moriyarta? Kusan shekara tamanin ke nan ƙasashe masu masana'antu na kai-komo a kan haka, kuma kowace ta sauka a tashar da ba ta ɗayar ba.

Tilas iri-iri ce

Kalmar tilas ta rufe abubuwan da ba ɗaya suke ba. Mafi tsanani shi ne tsarin da za a iya kira rufaffiyar ƙofa: ba a ɗaukar mutum aiki sai ya zo da katin ƙungiya a hannu, wato ƙungiyar ce ke yanke wanda zai ci abinci a wurin. A wani tsarin kuma kamfani na ɗaukar wanda ya ga dama, amma cikin kwanaki ƙayyadaddu, galibi 30 a Amurka, sabon ma'aikaci ya shiga ƙungiya ko ya kama gabansa. Mafi sassauci shi ne wanda ba a ce ka shiga ba, sai dai za a cire maka kuɗi gwargwadon hidimar da ƙungiya ke yi wajen tattauna albashi da tsaya wa ma'aikaci idan ya samu matsala da shugabanninsa.

Dokar Wagner ta 1935, a zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, ta halatta duka ukun. Ƙungiyoyi suka bunƙasa cikin ƙanƙanin lokaci. Da aka gama yaƙin duniya na biyu sai yajin aiki ya ɓarke ta ko'ina, a ma'adinan kwal da masana'antar ƙarfe da ta motoci da jiragen ƙasa, inda ma'aikata kimanin miliyan biyar suka ajiye aiki tsakanin 1945 da 1946. Jama'a suka gaji, jam'iyyar Republican ta lashe majalisa, a 1947 kuma aka zartar da dokar Taft-Hartley. Shugaba Harry Truman ya ƙi sa mata hannu, majalisar ta tsallake shi da rinjayen kashi biyu cikin uku. Dokar ta haramta rufaffiyar ƙofa a duk ƙasar, sannan wani ɗan gajeren sashe nata, 14(b), ya ba kowace jiha damar haramta sauran nau'o'in biyu idan ta so. A kan wannan sashen ake ta faɗa har yau.

Masu goyon bayan haramcin sun raɗa wa dokokinsu suna "ƴancin yin aiki". Sunan ya fi dokar daɗi, domin ba ta yi wa kowa alƙawarin aiki ba, ba ta kuma hana mai kamfani korar ma'aikaci ba. Abin da kawai ta ce shi ne kada ƙin biyan ƙungiya ya zama dalilin korar.

Hujjar masu adawa

Hujja ta farko ta lamiri ce. Sashe na 20 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948 ya tabbatar da ƴancin shiga ƙungiya, a nan take kuma ya ce ba a tilasta wa kowa zama ɗan wata ƙungiya. Masu adawa na cewa ƴancin shiga ba shi da ma'ana idan babu ƴancin ƙin shiga. Akwai ma waɗanda addininsu ne ya hana su, kamar wasu ƙananan ɗariƙun Kirista, kuma dokokin ƙasashe da dama sun yi musu togaciya.

Ta biyu ta siyasa ce, kuma ita ta fi zafi a Amurka. Manyan ƙungiyoyin ƙasar na zuba kuɗi masu yawa a zaɓe, akasari ga jam'iyyar Democrat, alhali wani kaso mai kauri na membobinsu Republican suke zaɓa. Mutum ya ga an cire daga guminsa an taimaki ɗan takarar da shi yake adawa da shi, dole ransa ya ɓaci. Kotun Ƙolin Amurka ta daɗe tana neman tsaka-tsaki. A 1977 ta ce za a iya karɓar kuɗin hidima daga ma'aikatan gwamnati da ba membobi ba, amma ban da kuɗin siyasa. A 1988 ta shimfiɗa irin wannan ƙa'ida ga kamfanoni masu zaman kansu. Sai ga wani ma'aikacin jihar Illinois, Mark Janus, wanda ake cire wa kimanin dala 45 a wata, ya kawo hujjar da ta rushe tsaka-tsakin. Ya ce idan mai ba ka aiki gwamnati ce, to tattauna albashi da fansho da ita ma siyasa ce, tunda kuɗin haraji ake magana a kai, don haka babu inda za a ja layi. A watan Yunin 2018 alƙalai biyar cikin tara suka ba shi gaskiya. Tun daga ranar babu ma'aikacin gwamnati a Amurka da za a cire wa kuɗin ƙungiya ba da yardarsa ba, har a Michigan ɗin, inda sabuwar dokar ta tsaya ga kamfanoni masu zaman kansu.

Sai batun amana. Shugaban da kuɗi ke shigo masa kowane wata ba tare da ya roƙi kowa ba, in ji masu adawa, ba shi da dalilin sauraron na ƙasa. Ba su rasa misalai ba. Jimmy Hoffa, shugaban ƙungiyar direbobin manyan motoci ta Teamsters, ya shiga kurkuku a 1967 kan neman saye masu taimaka wa alƙali da almundahana, a 1975 kuma ya ɓace, har yau ba a ga gawarsa ba. A 2021 an ɗaure tsofaffin shugabanni biyu na ƙungiyar ma'aikatan motoci ta UAW saboda wadaƙa da kuɗin membobi.

Hujjar da ya kamata ƴan tsiraru su fi tsayawa a kanta ita ce ta wariya. Idan ƙungiya ce ke riƙe da makullin ƙofa, wanda ba ta so ba zai shiga ba, kuma sau da yawa baƙo ne ba a so. A kudancin Amurka ƙungiyar masu hura wutar jirgin ƙasa ba ta karɓar baƙar fata a matsayin membobi, amma doka ta ba ta ikon yin magana da yawun duk masu wannan aiki. A 1941 ta yi amfani da ikon ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin jirgi don a ture baƙaƙe daga guraben da suka fi tsoka. Wani daga cikinsu, Bester Steele, ya kai ƙara, a 1944 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ƙungiyar da ke wakiltar kowa wajibi ne ta yi wa kowa adalci, memba da wanda ba memba ba. A Ingila ma, a birnin Bristol, reshen ƙungiyar ma'aikatan sufuri ya mara wa kamfanin bas baya wajen ƙin ɗaukar baƙaƙe da ƴan Asiya aikin direba da kwandasta, sai da aka ƙaurace wa motocin na wata huɗu a 1963 kafin a janye.

Sai dai wannan takobi mai kaifi biyu ne. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara yaɗa dokokin "ƴancin yin aiki" a shekarun 1940, wani ɗan Texas mai suna Vance Muse, bai ɓoye dalilinsa ba: yana tsoron ƙungiyoyi za su haɗa farare da baƙaƙe a inuwa ɗaya su karya tsarin wariyar launin fata na kudu. Jihohin farko da suka yi dokar, Arkansas da Florida a 1944, na kudun ne. Martin Luther King ya yi adawa da waɗannan dokoki, kuma ya je birnin Memphis ne don mara wa masu kwashe shara baya a yajin aikinsu lokacin da aka harbe shi a 1968. Kowane ɓangare na da abin kunya a tarihinsa, kuma kowanne ya fi son tuna na ɗayan.

Matsalar ci-ma-zaune

Amsar ƙungiyoyi ɗaya ce, kuma tana da nauyi. A tsarin Amurka, idan mafi rinjayen ma'aikatan wani wuri suka zaɓi ƙungiya, ita kaɗai ke da ikon tattaunawa da kamfani, kuma abin da ta samo na kowa ne. Ƙarin albashi ba ya tambayar kati. Bayan haka, saboda hukuncin Steele da waɗanda suka biyo shi, idan aka kori wanda bai taɓa biyan ko kwabo ba, ƙungiya ce za ta tsaya masa, wani lokaci har da kuɗin lauya. Abin mamaki, ƙa'idar da aka kafa don kare baƙar fata daga zaluncin ƙungiya ita ce yau ta zama babbar hujjar ƙungiyoyi ta neman kowa ya biya.

Lissafin ba shi da wuya. Idan zan samu ƙarin ko na biya ko ban biya ba, hikima ta ce in riƙe kuɗina. Idan kowa ya yi wannan hikimar, asusu ya bushe, babu mai tattaunawa, babu ƙarin. Masanin tattalin arziki Mancur Olson ya yi wa wannan bayani a wani littafinsa na 1965, amma duk wanda ya taɓa shiga aikin gayya ya san mutumin da ke zuwa daidai lokacin rabon fura. Masu adawa na mayar da martani cewa ba su roƙi a wakilce su ba, ƙungiyoyin ne suka nemi zama su kaɗai a teburi, don haka su ɗauki nauyin abin da suka nema. Wannan ma gaskiya ce, domin ƙungiyoyin Amurka ba sa son a taɓa wannan keɓantaccen iko.

Kanada ta nemi mafita tun da wuri. Bayan yajin aikin kwana 99 a masana'antar Ford da ke Windsor a 1945, alƙali Ivan Rand ya yanke a farkon 1946 cewa ba za a tilasta wa kowa shiga ba, amma kowa zai biya tunda kowa na amfana. Har gobe da sunansa ake kiran tsarin, kuma a kansa akasarin ƙasar ke tafiya.

Shin haramcin na rage albashi? Wata cibiyar bincike da ke kusa da ƙungiyoyi, EPI, ta ƙiyasta cewa albashi a jihohin da ke da dokar ya gaza na sauran da kimanin kashi 3 cikin ɗari bayan an cire bambancin tsadar rayuwa. Masu goyon bayan dokar na nuna yadda kamfanonin motoci na waje irin su Nissan da BMW da Mercedes suka kafa masana'antunsu a Tennessee da South Carolina da Alabama. Raba tasirin doka ɗaya daga na arhar ƙasa da sauƙin haraji abu ne mai wuya. Abin da ba a jayayya a kai shi ne ƙungiyoyin Amurka sun rame: daga kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikata a tsakiyar shekarun 1950 zuwa kashi 20 cikin ɗari a 1983, zuwa kusan kashi 10 a yau, kuma a kamfanoni masu zaman kansu kimanin kashi 6 ne kacal. Amma ramar ta shafi har jihohin da ba su da dokar. Talakawa kuma ba koyaushe suke bin ƴan majalisarsu ba: a Missouri majalisa ta zartar da dokar a 2017, aka kai ta ƙuri'ar raba-gardama a watan Agustan 2018, kashi biyu cikin uku suka yi watsi da ita, a jihar da Republican ke lashewa cikin sauƙi.

Birtaniya: inda aka karya ƙofar

Babu inda rufaffiyar ƙofa ta yi ƙarfi kamar Birtaniya. A ƙarshen shekarun 1970 ma'aikata kimanin miliyan biyar ne ke aiki a wuraren da sai da kati, cikin membobin ƙungiyoyi miliyan 13. A 1975 kamfanin jirgin ƙasa na gwamnati, British Rail, ya ƙulla irin wannan yarjejeniya da ƙungiyoyi uku. Wasu ma'aikata uku da suka riga yarjejeniyar shiga aiki, Young da James da Webster, suka ƙi shiga, aka kore su a 1976. Suka kai ƙara Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg, a 1981 ta ce an tauye musu haƙƙi.

Kafin hukuncin ya fito siyasa ta riga ta juya. A hunturun 1978 zuwa 1979 yajin aiki ya kai ga shara ta taru a tsakiyar Landan, masu haƙa kabari a Liverpool suka ajiye aiki gawarwaki na jira. Margaret Thatcher ta hau mulki a kan wannan fushin. Ba ta yi gaggawa ba. Doka bayan doka, a 1980 da 1982 da 1988 da 1990, ta riƙa yanke wa tsarin reshe har ya zama laifi a hana mutum aiki don ba shi da kati. Dokar 1984 kuma ta wajabta ƙuri'ar sirri kafin yajin aiki. A shekarar ce shugaban masu haƙar kwal Arthur Scargill ya shiga yajin aikin shekara guda ba tare da ƙuri'ar ƙasa baki ɗaya ba, akasarin ma'aikatan yankin Nottinghamshire suka ƙi bi, ƙungiyar ta rabe, aka kuma ci ta da yaƙi. A 1986 Rupert Murdoch ya kwashe jaridunsa zuwa sabuwar maɗaba'a a unguwar Wapping ya sallami ma'aikatan ɗab'i fiye da dubu biyar, waɗanda ƙungiyoyinsu suka daɗe suna yanke wanda zai taɓa inji. A ƙarshen 1989 jam'iyyar Labour da kanta ta daina kare rufaffiyar ƙofa, kuma wanda ya sanar da haka wani matashin ɗan majalisa ne mai suna Tony Blair. Da jam'iyyar ta dawo mulki a 1997 ba ta maido da ita ba. Membobin ƙungiyoyi a yau kusan rabin na 1979 ne.

A 2006 kotun Strasbourg ta ƙara gaba a wata ƙara daga Danmak, wadda wani ɗalibi mai aikin hutu da wani mai aikin lambu suka shigar, ta ce ko an gaya wa mutum sharaɗin tun kafin ya karɓi aikin, tilasta masa shiga wata takamaimiyar ƙungiya ya saɓa wa ƴancinsa. Abin lura, ƙungiyoyin Danmak ba su rushe ba. Kusan kashi biyu cikin uku na ma'aikatan ƙasar membobi ne, musamman saboda asusun tallafin rashin aiki na da alaƙa da ƙungiyoyi tun fil azal. Mutane na shiga ne don akwai abin da suke samu a hannu.

Faransa: membobi kaɗan, iko mai yawa

Tsarin Faransa ya fi shafar mu, domin daga gare shi dokokin ƙwadagon Nijar da Cadi da Benin da akasarin Kamaru suka samo asali, ta hanyar kundin aiki na ƙasashen reno na Disambar 1952. Dokar 1884 da ta halatta sandika ta ba kowane memba damar ficewa duk lokacin da ya so. Gabatarwar tsarin mulkin 1946 ta ce mutum na shiga sandikar da ya zaɓa. Dokar 27 ga Afrilun 1956 kuma ta hana mai kamfani duba katin sandika wajen ɗauka ko kora, ta ma hana shi cire kuɗin sandika daga albashi.

A kan takarda ke nan. A maɗaba'un jaridun Paris, reshen ma'aikatan ɗab'i na CGT ya ci gaba da riƙe ɗaukar aiki shekaru da dama bayan dokar, kuma da mai jaridar Le Parisien libéré ya nemi karya wannan iko a 1975 sai da aka shafe fiye da shekara biyu ana rikici. A tashoshin jiragen ruwa ma CGT ce ke da ta cewa kan ƴan dako har zuwa gyaran dokar 1992.

Ban da waɗannan tsibirai, kusan ma'aikaci ɗaya cikin goma ne kawai ke da kati a Faransa, amma fiye da tara cikin goma na ƙarƙashin yarjejeniyar da sandika ta tattauna, domin tun 1936 ministan ƙwadago na da ikon shimfiɗa yarjejeniyar wani fanni a kan duk kamfanonin fannin. Wato Faransa ta rungumi ci-ma-zaune ta mai da shi tsari. Wa ke biya? Tun 2015 kowane mai kamfani na zuba kashi 0.016 cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a wani asusu da ake raba wa sandikoki da ƙungiyoyin masu kamfanoni, gwamnati ma na ƙarawa. Ƙarfin kowace sandika kuma, tun dokar 2008, ana auna shi ne da ƙuri'ar ma'aikata, sai ta samu kashi 10 cikin ɗari a kamfani kafin ta zauna a teburi. Don haka ƙorafin masu adawa a Faransa ya koma wani wuri: ƴan kaɗan da ke riƙe da jirgin ƙasa ko matatar mai na iya tsayar da ƙasa. Shi ya sa dokar 2007 ta wajabta wa ma'aikacin sufuri ya sanar awa 48 kafin ya shiga yajin aiki.

A nan gida, tilas daga sama ta zo

A ƙasashenmu labarin ya sha bamban, kuma duk wanda ya ɗauko muhawarar Amurka ya ɗora a nan zai yi kuskure. Sandikoki sun yi gwagwarmayar neman mulkin kai, Sékou Touré a Gini da Djibo Bakary a Nijar duk daga cikinsu suka fito. Da aka samu mulkin, sababbin gwamnatoci sun san haɗarin abin da ya kawo su, sai suka haɗe ƙungiyoyi wuri ɗaya suka ɗaure su a jikin jam'iyya. A Gana dokar 1958 ta Kwame Nkrumah ta mai da TUC uwa ɗaya tilo, ta kawo cire kuɗi kai tsaye daga albashi, shiga kuma ta zama dole ga akasarin ma'aikata. Da ma'aikatan jirgin ƙasa da na tashar ruwa a Sekondi-Takoradi suka yi yajin aiki a 1961, shugabannin TUC ɗin ɓangaren gwamnati suka tsaya. A Kamaru Ahmadu Ahijo ya narkar da ƙungiyoyi cikin UNTC a 1972. A Nijeriya dokar soja ta 1978 ta tattara ɗaruruwan ƙungiyoyi zuwa 42 a ƙarƙashin NLC. A Nijar uwar ƙungiya ɗaya ce, USTN, har tsakiyar shekarun 1990, ko da yake ita ta juya ta zama ƙashin bayan matsin lambar da ta kai ga babban taron ƙasa na 1991.

Sassaucin ma bai zo da tsarkin niyya ba. Gyaran dokar 2005 a Nijeriya ya ce shiga ƙungiya ganin dama ne, ya kuma kawo ƙarshen zaman NLC ita kaɗai. Magana ce mai kyau, sai dai gwamnatin Obasanjo ta kawo ta ne bayan NLC ƙarƙashin Adams Oshiomhole ta sha tsayar da ƙasa kan ƙarin kuɗin fetur. A ganina nan ne darasin Amurka da Birtaniya ke da amfani: hujjar ƴancin mutum ɗaya na iya zama gaskiya, wanda ya ɗauko ta kuma yana da wata manufa daban.

Yau dokokin yankin sun karkata ga zaɓi. Sashe na 10 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam ya hana tilasta shiga ƙungiya, duk da ya rataya hakan da wajibcin zumunci na sashe na 29. Kundin aikin Kamaru na 1992 bai yarda a cire kuɗin sandika daga albashi ba sai ma'aikaci ya sa hannu, amma ya ce baƙo sai ya shekara biyar a ƙasar kafin ya riƙe shugabanci. Afirka ta Kudu ce ta bi wata hanyar: dokarta ta 1995 ta halatta yarjejeniyar da ke wajabta wa ma'aikaci shiga ƙungiya bayan an ɗauke shi aiki, bisa sharaɗin kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a su amince, kuma kada a kashe kuɗin a kan jam'iyyar siyasa.

Duk wannan na masu takardar albashi ne, waɗanda su ne ƴan kaɗan a cikinmu. Rufaffiyar ƙofa ta gaske tana tasha da bakin tashar ruwa da kasuwa, inda dokar ƙwadago ba ta cika leƙawa ba. A Gana GPRTU ce ke riƙe da akasarin tashoshin mota, a Nijeriya NURTW. A hanyoyin dakon kaya daga Kwatano da Lome zuwa Nijar, ko daga Duwala zuwa Injamena, an daɗe ana raba kaya ta hanyar layi da kaso tsakanin ƙasashe, kuma binciken Bankin Duniya ya danganta tsadar sufuri a yankin da wannan tsari. A lura, da yawa daga cikin waɗannan ƙungiyoyin na masu motoci ne, ba na direbobi da yaran mota masu karɓar lada ba, don haka sun fi kama da ƙungiyar ƴan kasuwa mai tsare farashi. Layin na kare mai tsohuwar mota ɗaya daga babban kamfani, yana kuma hana mai sabuwar mota yin sawu fiye da na kowa. Ga direban da ya fito daga ƴan tsiraru, ko da a garin aka haife shi, tambayar ba ta tsaya ga biya ba. Yana da ƙuri'a ranar zaɓen shugabanni? Ana ba shi rasit? Idan aka tsallake shi a layi, wa zai kai wa kuka?

Kada mu yi saurin nuna yatsa, mu ma mun iya rufe ƙofa. Masanin nan Abner Cohen, da ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana yadda masu gidajen saukar fatake da dillalai Hausawa suka riƙe cinikin shanu da goro ta yadda wanda ba na ciki ba bai isa ya kutsa ba. Amanar da ta sa ake ba da shanu bashi ba takarda ita ce kuma katangar da ta hana wasu shiga.

Inda gwamnatoci suka taɓa ikon ƙungiyoyin tasha, sakamakon bai yi kama da na Thatcher ba. Jihar Oyo ta dakatar da NURTW a 2019 saboda faɗace-faɗacen shugabanci, daga baya ta kafa nata tsarin kula da tashoshi. Legas ta yi haka a 2022, kuma wanda ta naɗa ya jagoranci sabon kwamitin shi ne mutumin da ke shugabantar ƙungiyar a jihar kafin a dakatar da ita. Sunan da ke kan tikiti ya canza, direbobi kuwa suka ci gaba da biya kowace safiya kafin su ɗauki fasinjan farko.